Wagini Daga Sama: Binciken Jami'a a Ƙasar da Ƙafa Ke Tsoron Takawa

Duk bayan kwana biyar, da hantsi, ɗaya daga cikin taurarin ɗan'adam na Turai masu suna Sentinel-2 yana ratsawa ta saman Wagini, wani gari a yammacin jihar Katsina. Yakan ɗauki hoton garin da gonakinsa da bakin dajin Rugu, ya wuce abinsa. Ba ya neman izinin hakimi, ba ya tsayawa a shingen jami'an tsaro, ba ya biyan harajin 'yan bindiga. Hoton kuma kyauta ne. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, in dai yana da kwamfuta da intanet, zai iya buɗe shi a daren ranar, ya jera shi da na bara da na bara waccan. In ya so ya koma baya sosai, akwai hotunan Landsat na Amurka da suka faro tun 1972, waɗanda aka sake su kyauta ga kowa a 2008.

Wannan ɗalibin dai, in ka ce masa ya hau babur ya je ya ga gonar da ke cikin hoton da idonsa, sai ya yi shawara da iyayensa tukuna. Malaminsa ma ba lalle ya sa masa hannu ba. Halin da binciken ilimi ke ciki ke nan a yammacin Katsina: ba a taɓa samun lokacin da ake ganin ƙasar Batsari da Safana dalla-dalla daga nesa kamar yanzu ba, kuma an daɗe ba a ga lokacin da isa gare ta ya yi wuya kamar yanzu ba.

Da can ƙafa ce jarin mai bincike a ƙasar Katsina. Polly Hill, Baturiyar Ingila, ta zauna a Batagarawa a 1967 tana bin magidanta gida-gida tana lissafin gonakinsu da rumbunansu da basussukansu, abin da ya zama littafinta na 1972. Michael Watts ya yi irin wannan zama a Kaita a ƙarshen shekarun 1970, yana bin diddigin yadda yunwa ke shiga gidan talaka. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya zagaya garuruwa yana sauraron dattawa kafin ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, kuma ƙasar Ruma da dajin Rugu suna cikin labarin, domin ta nan mahara daga Maraɗi ke ratsowa a ƙarni na 19. A Samaru kuwa, David Norman da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna auna aikin manoman ƙauyukan Zariya, har suka tabbatar da alƙaluma cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba jahilci ke damunsa ba, lissafinsa ya fi na masu ce masa ya raba. Duk waɗannan sun ci tuwon ƙauye, sun sha ruwan rijiyarsa. Yau da wuya a sami jami'ar da za ta tura wani ya kwana wata shida a bakin Rugu.

Abin da ɗigo ɗaya ke ɓoyewa

Yana da kyau mai karatu ya san yadda na'urar ke gani, don ya san inda take makancewa. Hoton Sentinel-2 ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi. Hekta ɗaya ɗigo 100 ke nan. A Landsat ɗigon mita 30 ne, don haka hekta ba ta wuce ɗigo 11 ba. Ganye mai rai yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani amma na'ura tana kama shi. Sai kwamfuta ta kwatanta biyun, ta ba kowane ɗigo maki: inda ya yi kore shar makinsa ya hau, inda ƙasa take fili makinsa ya faɗi. Da wannan ɗan lissafin ake yin yawancin kundayen digiri kan sare dazuzzuka da kwararowar hamada a sassan nazarin ƙasa na jami'o'in Arewa.

To amma kore ba abinci ba ne. Gonar da mai ita ya gudu ya bari, kafin watan Agusta tafasa da ciyawa sun rufe ta, kuma a idon na'ura tana iya fin gonar geron da aka yi wa noma biyu kyau. Wanda bai san ƙasar ba sai ya rubuta cewa damina ta yi albarka a wurin da ba a kai ko dami ɗaya gida ba. Gawo kuma nasa halin daban: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Sabara da kalgo da aka sassabe a watan Mayu suna tohowa bayan girbi, su sa gona ta yi kama da saura. Ga gajimaren Agusta da ke rufe hoto a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, ga ƙurar hunturu. Sannan gonar da aka haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a cikinta, manhajar da aka horar da gonakin alkama na Turai ba ta san sunan da za ta ba ta ba.

Akwai dabarar kauce wa wasu daga cikin waɗannan. Masana na Hukumar Abinci ta Duniya da suka yi aiki kan yankin Mopti na ƙasar Mali, inda rikici ya hana shiga ƙauyuka, ba su dogara da hoto ɗaya ba. Sun haɗa hotunan farkon damina da tsakiyarta da ƙarshenta. Gonar da ake nomawa tana da tafiyarta: fili fetal lokacin shuka, kore a tsakiya, fili bayan girbi. Wadda aka yasar ba ta bin wannan tsari. Da haka suka nuna ƙauyukan da gonakinsu suka tsuke suka dawo bakin gari, domin mutane sun daina nisa. Duk wanda ya san Batsari da Safana ya san wannan labari ba baƙo ba ne. Bayan hare-hare irin na Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum 30, manoma da dama sun haƙura da manyan gonakinsu na bakin daji, sun koma 'yan gayaunin bayan gida.

Ita kanta wannan dabara sai an gwada ta a ƙasa. Ƙa'idar aikin ita ce mai bincike ya zaɓi wurare masu yawa a cikin hoton, ya je kowanne da na'urar nuna wuri, ya rubuta abin da ya tarar: nan gero ne, nan saura ce, nan burtali ne, nan fadama. Da wani kaso ake koya wa kwamfuta, da sauran ake jarraba ta. Idan ba a yi haka ba, taswirar zato ce mai launi. Kuma a nan ne matsalar take, domin a ƙauyen da kowa ke zargin kowa da zama infoma, baƙon da ya tsaya a bakin gona yana latsa waya yana ɗaukar hoto ya sa ransa a hannu. Abin da wasu ɗalibai ke yi shi ne su duba wani hoton da ya fi kaifi su ce sun tabbatar. Hoto ya shaidi hoto ke nan. A ganina ya kamata masu duba kundaye su riƙa tilasta a faɗi hakan ɓaro-ɓaro a shafin farko, maimakon a binne shi a babi na uku.

Darasin Maraɗi

Ba sai an je nesa ba kafin a ga yadda sama da ƙasa ke gyara wa juna. Ƙetare iyaka ta Jibiya, a jihar Maraɗi, an shafe shekaru rahotanni na cewa hamada na cinye ƙasar. Tun 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su zaɓi rassa kaɗan su rene su. Manoman suka kira abin sassabin zamani, suka yi ta koya wa juna ba tare da wata babbar hukuma ta lura ba. Sai bayan shekara 20 Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij na wata jami'a a Amsterdam, tare da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou, suka jera hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na wajen 2005. Suka ga itatuwa sun ninka a gonakin Maraɗi da Damagaram, a fili da aka ƙiyasta da hekta miliyan 5, itace kimanin miliyan 200.

Abin lura, taurarin suna ta wucewa a duk tsawon shekarun nan ba su ba da labari ba. Ɗigonsu ya yi girma, kuma masu karanta su daji suke nema, ba itace ɗai-ɗai a tsakiyar gero ba. Sai da mutane suka taka ƙasa suka ga abin, sannan aka koma aka tambayi hoton tambayar da ta dace.

A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa, da taimakon hukumar NASA, suka ɗauki matakin gaba. Suka yi amfani da hotuna masu kaifin da bai kai mita ɗaya ba da ƙirƙirarriyar basira, suka ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, wurin da taswirori da yawa ke nunawa fayau. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, aka sami kusan biliyan 10. Amma kafin kwamfutar ta iya ƙirga ko ɗaya, sai da Brandt ya zauna ya zagaye kan itace kusan 90,000 da hannunsa yana nuna mata. Kuma ko da ta gama, ba ta ce wannan kuka ce, wannan ɗorawa, wannan marke ba. Yaron da ke kiwo a Runka ta ƙasar Safana yana bambance su daga nesa.

Dajin Rugu na bukatar irin wannan aiki. Tun a shekarun 1960 aka keɓe shi, da sunan dajin Ruma da Kukar Jangarai, a matsayin ɗaya daga cikin makiyayan gwamnati na farko a Arewa, a zamanin dokar makiyaya ta 1965. Yau kowane ɓangare yana da nasa labarin abin da ya faru da shi: makiyayi ya ce an yanka burtali da mashaya an mai da su gonaki, manomi ya ce shanu ne suka ƙaru, wani ya ce masu gawayi ne. Hotunan shekara 50 suna nan ajiye, za su iya nuna wace shekara aka fara sassabe wane wuri. Ba za su faɗi wanda ya sa hannu a takardar rabon ba. Wannan sai dattawa da kundayen ƙaramar hukuma.

Mutum nawa ne a garin?

Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, wadda ta ba ƙaramar hukumar Batsari mutum dubu 200 da 'yan kai. Duk alƙaluman da ake ambata tun daga lokacin ƙari ne ake yi a takarda, kamar ba wanda ya yi hijira. Cutar shan inna ce ta tilasta aka nemi wata hanya. Daga wajen 2012, an fara daga Kano sannan aka bazu zuwa sauran jihohin Arewa, masu aikin rigakafi suka ajiye taswirorin da ake zanawa da hannu, aka zana sababbi daga hotunan sama, aka ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda suka taka. Sai ga unguwanni da rugage da ba sa cikin jerin kowa. Daga baya masana a cibiyar Oak Ridge ta Amurka da Jami'ar Southampton ta Ingila suka haɗa yawan rufin gidaje da 'yar ƙidayar da aka yi a zaɓaɓɓun wurare, suka fitar da ƙiyasin mutanen da ke kowane fili mai mita 100. Wannan aiki yana cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020.

Sai dai rufin kwano ba ya faɗin ko akwai mai kwana a ƙarƙashinsa. A Borno, masu nazarin hotuna sun koma duba ko ciyawa ta cinye hanyoyin cikin gari da tsakar gidaje kafin su ce ƙauye na da mutane ko kufai ne. A yammacin Katsina abin ya fi haka rikitarwa, domin akwai masu yini a ƙauye su kwana a Batsari, akwai masu komawa da damina su fita da kaka. Ungozoma da mai unguwa sun fi kowace manhaja sanin wannan lissafi.

Ranar shuka

Inda binciken kwamfuta ya fi kusa da tukunyar manomi shi ne maganar ruwa. Daminar wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma babbar cacar shekara ita ce ranar shuka. Wani ya yi binne ya jira, wani ya bi ruwan farko, in ya ɗauke mako biyu iri ya ƙone a sake saye. Masana a Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda Farfesa Jibrin Mohammed Jibrin ya fara jagoranta, tare da ofishin cibiyar binciken noma ta IITA na Kano, sun yi amfani da manhajar da ke kwaikwayon girman masara. Ana ba ta halin ƙasa da halin iri da bayanan ruwa da zafi na kowace rana na shekaru masu yawa, sai ta shuka gonar a cikin lissafi sau ɗaruruwa, a ranaku dabam-dabam, ta nuna wane lokaci ne ya fi tsira a yawancin shekaru. Adnan Aminu Adnan da abokan aikinsa sun wallafa irin wannan sakamako a 2017 kan masara mai saurin nuna. Gwajin da zai ci shekara 30 a gonar gwaji, kwamfuta na gama shi kafin shayi ya huce.

Ƙarfin manhajar bai wuce ƙarfin abin da aka zuba mata ba. Tashoshin auna yanayi masu dogon tarihi a Arewa yawancinsu a filayen jirgin sama da cibiyoyin bincike suke, irin su Katsina da Kano da Samaru. Don cike giɓin, ana amfani da ƙiyasin ruwa daga sanyin saman gajimare, irin wanda Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara ke fitarwa tun daga bayanan 1981, da na Jami'ar Reading. Ɗigonsu kusan kilomita 5 ne. Kowa kuwa ya san hadari na iya zubarwa a gabashin gari ya bar yammacinsa da ƙura. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da ranar da ake sa ran saukar ruwa a ƙananan hukumomi. Wa ke komawa a watan Oktoba ya auna ko hasashen Batsari ya yi daidai, kuma da wane ma'auni?

Ma'aunin ruwan sama ba na'ura mai tsada ba ce, kuma ɗan aji shida zai iya karanta shi kowace safiya. Wani shiri mai suna TAHMO, na masana daga Jami'ar Delft da Jami'ar Jihar Oregon, ya gina aikinsa ne kan girke tashoshin yanayi a makarantun Afirka. Idan jami'o'in Katsina za su raba ma'aunai a firamaren Wagini da Ruma da Runka da Zakka, su riƙe aikin shekara goma ba yankewa, za su mallaki abin da babu wata jami'a a Turai da ke da shi. Matsalar ita ce irin wannan aiki ba ya kawo ƙarin girma da wuri. Malami ya fi samun maki in ya sauke bayanan kyauta ya fitar da maƙala cikin wata uku.

Haka abin yake a neman ruwan ƙasa. Yankin yana kan tsohon dutse ne, ruwa sai a tsagogi da inda dutsen ya ruɓe, shi ya sa ake haƙa rijiyar burtsatse ta fito a bushe alhali ta maƙwabci na ambaliya. Ɗaliban kimiyyar ƙasa na kafa ƙarafa su tura lantarki, kwamfuta ta fassara musu zurfin da ruwa zai iya kasancewa. Aikin na taimakawa, amma da ana ajiye bayanan kowace rijiya da aka haƙa, mai ruwa da busasshiya, da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Da wane harshe za a mayar?

A ce duk an yi, an sami sakamako. Yana cikin Turanci, a mujallar da manomi bai taɓa jin sunanta ba, ko a kundin da ke shan ƙura a ɗakin karatu. Malaman gona da ya kamata su kai shi sun yi ƙaranci, kuma su ma hanyar ce ke gabansu.

Wasu na ganin waya ce mafita, kuma akwai matasan masana da ke aiki don kwamfuta ta iya Hausa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, da Idris Abdulmumin na Jami'ar Ahmadu Bello, da Ibrahim Sa'id Ahmad da sauransu, suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance ko yabo ne ko suka ko tsaka-tsaki. Aiki ne na a yaba, kuma ya sa Hausa a teburin da da ba ta kai. Amma Hausar Twitter ta 'yan birni ce masu boko. Manomin Wagini Katsinanci yake yi, da baki yake aika saƙo ba da rubutu ba, maƙwabcinsa na ruga kuma Fillanci ne a bakinsa. Manhajar da za ta ji tambayarsa kan ƙuduji ko tsutsar masara sai an tara muryoyin irinsa, kuma tara su na nufin a je inda yake.

Ita wayar ma ba ta da tabbas. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, Batsari da Safana na ciki, aka yi watanni a haka. Duk wani tsari da aka ɗora kan waya kaɗai ya tsaya cak a lokacin, rediyo ne ya ci gaba da shiga gidaje.

A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomin yankin, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana. Masu goyon baya na cewa manoma sun koma gonakinsu, masu suka na cewa kwantan ɓauna ne kawai. Ɓangare ɗaya na wannan gardama ana iya auna shi: a jera hotunan daminar 2018 da 2021 da 2024 da 2025, a ga ko gonakin bakin daji sun dawo, kuma kilomita nawa daga gari. Hotunan suna nan, manhajar kyauta ce. Abin da ya rage shi ne mai tabbatarwa a ƙasa, kuma ba baƙo ne zai yi ba. A Dutsin-Ma da Katsina akwai ɗalibai 'yan Wagini da Batsari da Safana da ke komawa gida hutu, waɗanda suka san gonar wane ce wannan, suka san wadda aka noma bana da wadda tafasa ta cinye, kuma mai unguwa ya san iyayensu. Yawancinsu ana ba su taken kundin da aka kwafo daga wani wuri ne. Sashen da ya ba goma daga cikinsu wannan tambaya ɗaya, ya biya musu kuɗin mota daga tallafin bincike na asusun gwamnati na TETFund, ya kuma shirya yadda za a ɓoye sunayen masu gonakin don kada taswirar ta faɗa hannun da bai dace ba, zai iya samun amsa kafin a kai gero rumbu.